Abin da ma'aikacin lafiya yake buƙatar sani a Excel kafin ya fara zana alƙaluman cututtuka

Wata ma'aikaciyar lafiya a matakin farko da ke aiki a Zariya ta aiko da tambaya. Ta ce an ɗora mata nauyin tattara rahoton mako-mako da na wata-wata daga cibiyoyi da dama, an kuma ba ta kwamfutar tafi-da-gidanka, amma iyakar saninta a Excel shi ne shigar da lambobi da tara su. Tana son ta san abin da ya kamata ta fara koya, da kuma ko dole ne sai ta iya manyan manhajojin nazarin alƙaluma irin su SPSS kafin ta fitar da zanen da za a kai gaban shugabanni.

Malama, ba ki buƙatar SPSS a wannan mataki. Kusan duk abin da ake nema daga mai kula da alƙaluman mazaɓa ko na ƙaramar hukuma ana iya yin sa da Excel, ko da LibreOffice Calc wanda kyauta ne kuma ba ya buƙatar intanet, ko da Google Sheets idan akwai data. Abin da nake so ki riƙe shi ne zane yana zuwa ne a ƙarshen aiki. Mafi yawan wahalar tana cikin tsara jadawalin da zanen zai fito daga cikinsa, da kuma sanin adadin jama'ar da za a auna masu cutar a kansa, kuma wanda ya ƙware a waɗannan biyun zai iya fitar da zane mai amfani cikin mintuna kaɗan.

Ki fara da tsarin jadawali. Idan annoba ce ake bibiya, kamar amai da gudawa ko ƙyanda ko mashaƙo, kowane majinyaci yana da layin kwance guda ɗaya tak, kowane irin bayani kuma yana da layin tsaye nasa: lambar majinyaci, shekaru, jinsi, mazaɓa, unguwa, ranar da ciwo ya fara, ranar da aka zo asibiti, ko an ɗauki samfuri, sakamakon gwaji, sai kuma yadda ta ƙare, ya warke ko ya rasu. Layin farko na sama kanun bayanai ne kawai. Kada ki haɗe gidaje, wato ƙananan akwatunan jadawalin, biyu ko uku su zama ɗaya don jadawalin ya yi kyau a ido, kada ki bar layi babu komai a tsakiya don raba makonni, kuma kada ki rubuta jimilla a ƙasan jerin majinyata, domin duk waɗannan suna rikitar da kwamfuta a lokacin da za ta ƙirga. Launi ma ba bayani ba ne. Idan kin shafa wa layin waɗanda suka rasu ja ba tare da kin rubuta hakan a gidansa ba, ranar da aka nemi adadinsu sai kin bi da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Idan rahoton wata-wata ne, ƙa'idar ba ta canza ba, sai dai kowane layi zai zama cibiya ɗaya a wata ɗaya.

A wurin shigar da bayani ne aka fi yin asara, don haka zan ɗan tsaya a kansa. Ma'aikatanmu sun saba rubuta shekarun jariri ɗan wata tara a rajista da 9/12, na ɗan mako uku kuma 3/52. Idan kika buga 9/12 a Excel, zai ɗauka kwanan wata kike nufi, ya mayar da shi 9 ga Disamba ko 12 ga Satumba, gwargwadon yadda aka saita kwamfutar, kuma daga nan duk lissafin shekaru ya lalace ba tare da wata alama ba. Maganin wannan shi ne ki ware layin tsaye biyu, ɗaya na lamba ɗaya na ma'auni, ki rubuta 9 a na farko, “wata” a na biyu. Kwanan wata ma yana da nasa tarkon. Mu muna fara rubuta rana sannan wata, kwamfutoci da yawa kuma suna zuwa da saitin Amurka wanda yake fara wata sannan rana, sai 03/08 da kika rubuta da nufin 3 ga Agusta ya koma 8 ga Maris. Ki gyara saitin tun ranar farko, ki kuma zaɓi tsarin da yake nuna sunan wata da haruffa domin idonki ya kama kuskure nan take. Alama mai sauƙi ita ce, kwanan watan da Excel ya gane yana jingina ne a gefen dama na gidansa, wanda ya ɗauka rubutu ne kawai kuma yana tsayawa a hagu. Lambar waya kuwa sifirin farkonta yana ɓacewa, sai kin saita gidajen a matsayin rubutu kafin ki shigar.

Sai sunayen wurare. Mutum ɗaya zai rubuta Tudun Wada, wani T/Wada, wani Tudunwada, wani kuma ya rubuta daidai amma ya bar tazara a ƙarshe wadda ido ba ya gani. A wurin kwamfuta waɗannan mazaɓu huɗu ne daban-daban, kuma masu cutar za su rarrabu a tsakaninsu har mazaɓar da ta fi kowa matsala ta fito kamar ba ta da komai. Haka Gyallesu da Gyellesu, haka Wuciciri da Wucicciri. Ki buɗe shafi na daban ki jera sunayen mazaɓu da cibiyoyi sau ɗaya da rubutun da kuka amince da shi, sannan ki yi amfani da abin da ke rubuce da sunan Data Validation, wanda zai sa mai shigar da bayani ya zaɓa daga jerin maimakon ya buga da hannu. Ga bayanan da aka riga aka shigar, ki kunna Filter ki danna kibiyar da ke kan layin mazaɓa, za ki ga duk rubuce-rubucen da aka yi a jere, ki daidaita su; umarnin TRIM kuma yana share tazarar da ta yi yawa. Wannan aikin kamar tsince tsakuwa ne daga shinkafa kafin a ɗora tukunya: yana cin lokaci, ba ya burge kowa, amma idan aka tsallake shi mai ci ne zai ji a haƙorinsa. Kafin ki taɓa komai, ki adana ainihin fayil ɗin yadda ya zo, ki yi gyara a kan kwafi.

Akwai bambanci tsakanin sifiri da gidan da babu komai. Sifiri yana nufin cibiyar ta duba rajista ba ta samu mai cutar ba. Gida wayam yana nufin ba ta kawo rahoto ba. Idan kika cike guraben da sifiri don jadawalin ya cika, kin shaida wa hukuma cewa babu cuta a wurin da ba wanda ya duba. Saboda haka a gefen kowane adadi ki riƙa nuna cibiyoyi nawa suka kawo rahoto daga cikin waɗanda ake sa ran su kawo, da nawa suka kawo a kan lokaci. A tsarin sa ido kan cututtuka na bai ɗaya, wanda ƙasashen Afirka suka amince da shi a 1998 a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ana son wannan ya kai aƙalla kashi 80 cikin ɗari. Sau da yawa raguwar cuta da ake murna da ita a zane ba komai ba ce illa cibiyoyi biyu ko uku masu cunkoso da rahotonsu bai iso ba.

Umarnin lissafi da kike buƙata ba su da yawa. SUM yana tarawa. COUNTIF yana ƙirga layukan da suka cika sharaɗi ɗaya, COUNTIFS kuma sharuɗɗa da yawa; idan mazaɓa tana layin D, yadda ta ƙare kuma tana layin J, to =COUNTIFS(D:D,"Kaura",J:J,"Ya rasu") zai ba ki adadin waɗanda suka rasu daga wannan mazaɓa. ISOWEEKNUM yana mayar da kwanan wata zuwa lambar mako, makon da yake farawa Litinin ya ƙare Lahadi. Ki koyi sa alamar $ a gaban harafi da lambar gida idan kina son ya tsaya cak yayin da kike jan lissafi zuwa ƙasa, domin rashin ta ne yake sa a raba layi na biyu da gidan da ba nasa ba. Game da matsakaici, ki yi hattara da AVERAGE idan ana maganar shekaru. A ce majinyata biyar ne masu shekaru 2, 3, 3, 4 da 70. Matsakaicinsu zai fito 16.4, wanda zai sa mai karatu ya zaci cutar matasa ce, alhali MEDIAN, wato wanda yake tsakiyar jerin, zai ba da 3, kuma shi ne ya faɗi gaskiyar cewa yara ne abin ya fi shafa. Bayan waɗannan sai PivotTable, wato jadawalin taƙaitawa da Excel yake haɗawa daga jerinki, wanda a ganina shi ne abu mafi daraja da za ki koya. Ki danna cikin jadawalin, ki buɗe shi, ki ja mazaɓa zuwa gefen layuka, mako zuwa sama, lambar majinyaci zuwa tsakiya a matsayin ƙirge, nan take za ki ga mutum nawa suka kamu a kowace mazaɓa a kowane mako. Ki tuna cewa ba ya sabunta kansa. Idan kin ƙara sababbin majinyata sai kin danna Refresh, kin kuma tabbata sababbin layukan sun shiga cikin abin da yake karantawa.

Yanzu ga batun da ya fi kowane nauyi, wato lambar da ake rabawa da ita. Adadin masu cuta shi kaɗai ba ya nuna inda haɗari ya fi yawa. A ce mazaɓa ta farko tana da mutum 60 da suka kamu da amai da gudawa, ta biyu 45. Wanda ya tsaya a nan zai tura ruwan gishiri da sukari da ma'aikata zuwa ta farko. Amma idan jama'ar ta farko 40,000 ce, ta biyu kuma 15,000, to a kowane mutum 100,000 ta farko tana da 150, ta biyu tana da 300, wato wutar ta fi ci a ƙaramar mazaɓar har ninki biyu. Lissafin ba wuya: masu cuta a raba da yawan jama'a a ninka da 100,000. Ki riƙa nuna duka biyun, domin ana buƙatar adadi don sanin yawan magani da gadaje, ana kuma buƙatar ma'aunin don sanin inda za a nemi tushen cutar. Idan daga cikin waɗannan 105 mutum 4 sun rasu, kason mace-mace ya zama kashi 3.8 cikin ɗari, alhali a amai da gudawa abin da ake nema shi ne ya tsaya ƙasa da kashi 1 idan ana samun kulawa da wuri. A annobar amai da gudawa ta 2021 Najeriya ta samu sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu, sama da 3,000 kuma suka rasu, wato kason ya haura 3 cikin ɗari. Irin wannan lamba tana nuna jinkirin zuwa asibiti ko ƙarancin kayan ƙarin ruwa, kuma aikinki ne ki fito da ita fili mazaɓa-mazaɓa.

Yawan jama'ar kansa abin a yi hattara da shi ne. Ƙidaya ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce, duk alƙaluman da muke aiki da su yau hasashe ne da aka ɗora a kanta, kuma unguwannin bayan gari sun cika da gidaje fiye da yadda hasashen ya zata. A aikin rigakafi ana ɗaukar yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya a matsayin kashi 4 na jama'a, 'yan ƙasa da shekara biyar kashi 20, masu juna biyu kashi 5. Idan kika ga wata cibiya ta yi wa kashi 130 na yaranta rigakafi, kada ki yi gaggawar yabo ko zargi. Mai yiwuwa hasashen jama'ar ne ya yi ƙasa, ko kuma iyaye mata suna tsallakowa daga wata mazaɓa, abin da ya zama ruwan dare tsakanin Zariya da Sabon Gari inda iyakar ƙananan hukumomin ba ta hana kowa zuwa asibitin da ya fi masa kusa. Haka nan asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana karɓar majinyata daga jihohi da dama, don haka a lissafin annoba inda mutum yake zaune ake bi, ba inda aka kwantar da shi ba. Akwai ma'auni ɗaya da ba ya dogara da ƙidaya, shi ya sa nake son sa: yaran da suka fara allurar Penta, rigakafin cututtuka biyar a haɗe, a mako na 6 da haihuwa amma ba su kai ta uku a mako na 14 ba. Idan 400 suka karɓi ta farko, 320 suka karɓi ta uku, bambancin 80 ne, a raba da 400, ya ba da kashi 20, kuma duk abin da ya haura kashi 10 yana nufin a bi sawun yaran. Ki kuma guji fitar da kaso daga adadi ƙanƙane. Mutum ɗaya cikin biyu kashi 50 ne a lissafi, amma gara ki rubuta “1 cikin 2” kawai.

Sai mu zo kan zane. Kafin ki danna komai, ki rubuta tambayar da zanen zai amsa a jimla ɗaya. Idan tambayar ita ce yadda abu yake canzawa da lokaci, kamar zazzaɓin cizon sauro wata-wata, zanen layi ne ya dace, kuma ki ɗora shekarar bana a kan ta bara da ta bara waccan. A yankinmu zazzaɓin yana hawa ne da damina har zuwa kaka, saboda haka kwatanta Satumba da Afrilu ba ya gaya mana komai. Satumbar bana da Satumbar bara ake kwatantawa. Ki haɗa da kason waɗanda gwaji ya tabbatar daga cikin waɗanda aka gwada, domin watan da kayan gwaji suka ƙare adadin zai faɗi ko da sauro bai ragu ba. Idan tambayar kwatanta wurare ce, ki yi zanen sanduna a kwance, ki jera su daga mafi tsawo zuwa mafi gajarta, ma'aunin kuma ya fara daga sifiri, domin idan ya fara daga 70 bambancin da ke tsakanin 75 da 80 zai fito kamar ninki biyu. Zanen da'ira da ake yankawa kashi-kashi ba na ba da shawararsa sai idan rukunonin ba su wuce uku ba. Zane mai tudu da inuwa ki bar shi gaba ɗaya.

Zanen annoba yana da nasa ƙa'idoji. Sanduna ne a tsaye, manne da juna, wanda ake samu ta mayar da Gap Width, wato tazarar da ke tsakanin sandunan, zuwa sifiri, kuma ana jera su ne bisa ranar da ciwo ya fara, ba ranar zuwa asibiti ba. Ranakun da ba a samu kowa ba dole su bayyana da gurbinsu. Siffar zanen tana ba da labari: hawa ɗaya mai tsini da saukowa cikin 'yan kwanaki yana nuna tushe guda, kamar rijiya ko abincin biki, musamman a amai da gudawa wadda take bayyana daga 'yan sa'o'i zuwa kwana biyar bayan kamuwa. Tuddai da ke biyo juna da tazarar kusan mako biyu, kowane ya fi na baya, shi ne abin da ake gani a ƙyanda, inda yaro yake sa wa yaro. Kada ki sanar da cewa annoba ta lafa don sandunan kwanaki biyu ko uku na ƙarshe sun gajarta, domin galibi rahotonsu ne bai gama isowa ba.

Ga sanƙarau, wanda yake tashi daga hunturu zuwa bazara ya kwanta da saukar ruwa, ki ƙara layuka biyu a kwance a kan zanen mako-mako. A yankin da jama'arsa take tsakanin 30,000 da 100,000, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matakin gargaɗi a mutum 3 cikin 100,000 a mako, matakin annoba kuma a mutum 10. Ga yanki mai mutum 50,000, ke nan mutum biyu a mako ɗaya sun isa a farka, biyar kuma annoba ce. Za ki yi layukan ne ta ƙara layin tsaye biyu a jadawalin, ki maimaita lambar a kowane mako. Waɗanda suka ga annobar 1996, wadda ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a Arewa, sun san darajar mako ɗaya da aka samu kafin cuta ta bazu.

Kowane zane ya ɗauki kanun da ya faɗi mene ne, a ina, yaushe, da inda aka samo alƙaluman. Ki gwada buga shi baƙi da fari, tunda a taron ƙaramar hukuma hoton takarda ake rabawa, kuma ja da kore duk toka-toka suke fitowa.

Jerin majinyata amana ce. Kafin ki tura fayil ta WhatsApp ko imel, ki cire suna da lambar waya da adireshin gida, ki bar lambar majinyaci kawai, asalin fayil ɗin kuma ki sa masa kalmar sirri. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Ki riƙa adanawa da tsarin xlsx, ba tsohon xls ba wanda yake tsayawa a layi 65,536. A Oktoban 2020 wannan iyakar ce ta sa kusan sakamako 16,000 na masu korona suka ɓace daga rahoton Ingila na wasu kwanaki, aka yi jinkirin bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da su.

Excel ba ya maye gurbin DHIS2 da ake shigar da rahoton wata-wata, ko SORMAS da ake bibiyar annoba da shi. Daga can za ki sauko da alƙaluma ki yi nazari, kuma idan kin ga saɓani ki koma rajistar cibiya ki gyara a tushe, ki sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Ranar da aikinki ya kai ga binciken abin da ya haddasa cuta, inda ake kwatanta waɗanda suka kamu da waɗanda ba su kamu ba tare da la'akari da dalilai da yawa a lokaci guda, a nan ne manhajoji irin su SPSS ko R za su yi miki amfani. Sashen Kiwon Lafiyar Al'umma na Jami'ar Ahmadu Bello yana koyar da wannan fanni, kuma yana cikin masu horar da jami'an binciken annoba a shirin ƙasa da aka fara a 2008, don haka idan kin kai wannan mataki ba sai kin bar Zariya ba.